Aron Tinuk

Sumberejo, Lampung, 4 ga Satumba, 1995

Zuwa ga yayata, Yu Warsini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki Mas Darmaji da tsohuwarsa. Mu nan lafiya lau, sai dai ruwa ya ƙi zuwa, rijiya ta yi ƙasa, guga sai an ƙara masa igiya.

Yu, yau wata shida ke nan da kuka tafi mini da Tinuk can Surabaya, wasiƙa biyu kacal na gani, su ma rabinsu nasiha ce. Ku malaman makaranta ba ku iya gaisuwa ba sai kun haɗa da darasi. Ni ba darasi nake nema ba. So nake in ji ko 'yata tana cin abinci, ko ta daina tsotsar yatsa, ko haƙorin nan na gaba mai girgiɗi ya fita.

Kada ki manta yadda muka yi. Surukarki ce ta zauna a tabarmata ranar Sallah ta ce, "Parmi, shekara goma sha ɗaya yayarki tana gidan ɗana, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ki ba ta aron yarinyar nan ta yi fatsar haihuwa da ita, kamar yadda iyayenmu suke yi. In akwai yaro a gida, sauran za su biyo sawunsa." Na ce to, shekara ɗaya, daga Sallah zuwa Sallah. Na yarda ne don ke ce, ciki ɗaya muka fito. Kang Sarpin, mijin nan nawa da magana take yi wa wuya, bai hana ba a gaban baƙi. Amma motarku tana tashi ya ɗauki adda ya shiga gonar masoro, bai dawo ba sai la'asar, kuma ko reshe ɗaya bai sara ba.

Har yau in ya dawo daga gona sai ya tsaya a bakin ƙofa, don ita ce mai taryensa da ruwa. Yayyenta maza biyun nan kuwa ko a jikinsu. Jiya na ce masa, "Kang, ka shigo mana, ka wani tsaya kamar mai tallan gishiri." Ya ce, "Ƙafa nake kaɗewa." Wace ƙafa? Ko laka babu a garin.

To, kifin ya ciji ko da saura? Ga jiƙo nan na aiko, wanda ungozomar ƙauyenmu ta haɗa, ki toshe hanci ki sha safe da yamma. Soyayyar ayabar kuma ta Tinuk ce, kada mijinki ya sa hannu.

Ki gaida kowa. Ki ce mata uwarta tana kewarta ƙwarai.

Ƙanwarki,
Parmi


Surabaya, 1 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Dik Parmi,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso tare da saƙo, na gode, Allah ya bar zumunci. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki da yara.

Zan fara da tambayoyinki, don kada ki ce na yi darasi. Tana cin abinci, har ta yi kumatu. Haƙorin ya fita, ita da kanta ta binne shi a gindin mangwaro. Yatsa kuwa tana tsotsa in ta ɗauka ba na kallonta. Ta shiga aji ɗaya a makarantar da nake koyarwa. A aji Malama take ce mini, da mun fito ƙofa na koma Inna.

Jiƙon ban sha ba, kada ranki ya ɓaci. Babu saiwar da ake jiƙawa a tsibirin Jawa da ban sha ba. An yi mini tausa har cikina ya yi tabo. Na sha ƙwayoyin asibiti wata shida, suka bar ni da ciwon kai da faɗa ba dalili. Sau uku aka karɓi ruwan Mas Darmaji aka tace aka zuba mini da sirinji. A watan jiya ne wani likita ya tura mini ruwa a mahaifa ya ɗauki hoto, ya nuna mini da bakin biro: hanyoyin nan biyu da ƙwai yake bi ya isa mahaifa duk a toshe suke. Ya ce, "Malama, ko kogi guda za ki sha na jiƙo, ba zai buɗe su ba." Na yi kuka a gabansa, amma wallahi har da sauƙi na ji, don yau ciwona ya sami suna.

Ya ce hanya ɗaya ta rage, abin da ake kira jaririn kwalba. Za a riƙa yi mini allura kullum har ƙwayaye su nuna, a ciro su, a haɗa da na mijina a waje, in sun kama a mayar cikin mahaifa. Bai ɓoye mini ba, a cikin mata biyar ɗaya ce take dacewa. Mas Darmaji ya tambayi malaminsa, ya ce halal ne muddin na mata da mijinta ne. Maigidana ya sayar da gonar da ya gada, za mu fara a Disamba.

Kin ga ke nan, zaman yaro a gida ba ya buɗe abin da ya toshe. Na karɓi Tinuk ne don in sami lafiya da surukata, yanzu kuma ina riƙe da ita don ina sonta. Maganar fatsa ban yarda da ita ba, na kuma hana a yi ta a gabanta. Sai dai tsohuwa ba ta jin hani. Ran nan na ji tana ce mata, "Ke 'yar nan, ki riƙa shafa cikin Innarki kina kiran ƙanenki. Abin da ya kawo ki ke nan, ba cin shinkafa ba."

Alkawari yana nan. Da Sallah ni da kaina zan kawo miki ita.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Warsini


Surabaya, 14 ga Janairu, 1996

Dik Parmi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka.

Bai kama ba.

Na sha allura har aka rasa wurin sokawa a cinyoyina. An ciro ƙwai bakwai, uku suka haɗu, aka mayar mini duka ukun. Aka ce in jira kwana goma sha huɗu. Na riƙa tafiya kamar mai ɗauke da kwanon miya cike taf. Ranar ta goma sha ɗaya, ina tsaye ina rubutu a allo, na ji jini. Na ƙarasa darasin, don yara arba'in suna kallona.

Da muka koma gida ina wanke zanena a bayan ɗaki, sai ga Tinuk ta tsuguna kusa da ni. Ta daɗe tana kallon ruwan, can ta ce, "Inna, ban kira shi da ƙarfi ba ne?" Na ce mata ba ruwanta, aikin likita ne da ikon Allah. Ta ce to, amma ranar ba ta ci abinci ba.

Likita ya ce jikina ya huta, mu sake gwadawa a Yuni. Wannan ne na ƙarshe, ba mu da wata gonar.

Dik, ina jin kunyar abin da zan roƙa. Ki bar mini ita zuwa Yuni. Lokacin ne ma shekarar karatu take ƙarewa, ba za ta yi asarar aji ba. Ba don fatsa ba, kin san ra'ayina. Don dai in ta tafi yanzu, ban san me zai tashe ni daga gado da safe ba.

Allah ya sa mu ga azumi lafiya.

Yayarki,
Warsini


Sumberejo, 2 ga Fabrairu, 1996

Yu Warsini,

Wa'alaikumus salam. Sannu, Yu. Sannu. Na yi miki kuka har yaran nan suka ɗauka wani ne ya mutu. Allah ya ba ki mai amfani.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba, da na kai ƙarshen wasiƙar na jefar da ita ƙasa. Tun kafin azumi Kang Sarpin ya je kasuwar garin Metro ya sayo mata rigar Sallah, ruwan ɗorawa mai aljihu, shi da ko hula bai taɓa zaɓa wa kansa ba. Na karanta masa, ya riƙa juya kofin shayinsa. Na ce, "Kang, ka yi magana mana, 'yarka ce fa." Ya ce, "A bar mata. Mu muna da biyu a gabanmu, ita ba ta da kowa." Na ce, "Rigar fa?" Ya ce, "Ki saki kalmasar ƙasan, zuwa Yuni ta ƙara tsawo."

To an bar miki. Yuni, Yu. Ba Yuli ba.

Ki kuma gaya wa tsohuwar nan, da ladabi in kin ga dama, cewa 'yata ba tsutsa ba ce da za a soke ta a ƙugiya. In na sake jin an ɗora mata laifin cikin wani, zan hau mota in zo, kuma kin san bakina.

Kang ya ɗan rame kwanan nan, idonsa ya yi rawaya-rawaya. Ya ce azumi ne. Ni dai ban taɓa ganin azumin da yake rina ido ba, amma wa zai ja shi asibiti?

A yi Sallah lafiya, a yafe mana abin da muka yi na fili da na ɓoye.

Parmi


Surabaya, 23 ga Yuni, 1996

Dik Parmi, Dik Parmi,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun. Ya kama! Biyu aka mayar wannan karon, jiya aka gwada jinina, likita ya ce akwai ciki. Na sa shi ya maimaita sau uku. Mas Darmaji ya yi sujada a tsakiyar ofishin mutane, goshinsa duk ƙura. Shekara goma sha biyu, Dik!

Tsohuwa ta ƙi yarda likita ya yi wani abu. Ta ce, "Na farko ai shi ya yi aikinsa shi kaɗai, kun ga yadda ta kaya. Wannan karon yarinyar nan kullum hannunta yana kan cikin." Ta saya wa Tinuk 'yan kunne, maƙwabta suna ta shigowa suna shafa kanta, har wata ta tambaya ko za a ba ta aronta bayan mu. Na kore ta da harara.

Yanzu kuma tsohuwa ta fito da sabuwa, wai ba a janye fatsa sai kifi ya hau tudu, don haka Tinuk ba za ta bar gidan nan ba sai an yi sadakar cikar cikin wata huɗu. Na yi dariya. Sai dai gaskiya likita ya hana ni doguwar tafiya, Mas Darmaji kuma ba ya so ya bar ni kwana huɗu zuwa da dawowa. Ki ƙara mana 'yan makonni, na roƙe ki. Tinuk ta ci jarrabawa, za ta aji biyu.

Yaya jikin maigidan naki?

Yayarki mai farin ciki,
Warsini


Sumberejo, 8 ga Yuli, 1996

Yu,

Salam. Barka, Allah ya raba lafiya. Na yi murna, amma yau ba ni da bakin da zan tsaya a kai.

Kang Sarpin ba shi da lafiya, ciwo na gaske. Ya faɗi a gona, muka kai shi asibiti. Hantarsa ce, sun ce ta daɗe da lalacewa. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa ba sa shiga takalmi. Kwana shida muka yi, likita ya ja ni gefe ya ce, "Baiwar Allah, ki kai shi gida, ki ba shi duk abin da yake so." Da muka iso na ce, "Kang, me kake so in dafa maka?" Ya ce, "Ba na son komai. A kira mini Tinuk."

Shekara goma sha huɗu muna tare, wannan ne abu na farko da ya taɓa roƙona.

Ni ba zan iya barinsa in zo ba. Ki turo ta, Yu. In mijinki ba zai iya ba, ki haɗa ta da kowa, ko direban motar da take tsallakowa nan tsibirin Sumatra ne, ni zan sa a tare ta a tashar jirgin ruwa. Kada ki ba ni amsa da takarda, ki ba ni amsa da yarinyar.

Parmi


Surabaya, 19 ga Yuli, 1996

Zuwa ga ƙanwata, Dik Parmi,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Labarin rashin lafiyar maigidanki ya tayar mana da hankali ƙwarai. Mun sa an yi masa addu'a a masallacin unguwa, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ni ma ina kwance. Na ga ɗan jini a makon jiya, likita ya ce cikin yana nan, amma kada in motsa sai dole. Saboda haka tafiyar ba za ta yiwu a wannan makon ba. Yarinya kuma ba za a ba baƙo ita a hanyar kwana biyu ba. Da zarar jikina ya lafa, nan da mako biyu in sha Allahu, Mas Darmaji zai kawo ta.

Ban gaya mata ba tukuna, don kada hankalinta ya tashi. Ga zuma da maganin ƙarin ƙarfi nan na aiko masa. Likitoci sukan yi kuskure, Dik, kada ki yanke ƙauna.

Yayarki,
Warsini


Sumberejo, 12 ga Agusta, 1996

Warsini,

Kang Sarpin ya rasu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. An binne shi kafin magariba.

Zumarki ta iso, bai iya haɗiya ba. Da mako biyun naki suka cika na bar shi da maƙwabta, na hau babur na je gari na buga waya gidanku. Surukarki ce ta ɗauka. Ta ce kina kwance, yarinya tana makaranta, ta ce, "Parmi, ki yi tawakkali, zuwanta ba zai warkar da shi ba, tafiyarta kuwa tana iya zubar da wani." Na ce ta ba ni ke, ta ce kina barci. Ƙarfe goma na safe.

Ya sa mun juya masa gadon yana kallon ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya ɗaga kai. Ranar Alhamis ya daina ɗagawa. Maganarsa ta ƙarshe da na gane ita ce, "In ta zo kada ki yi mata faɗa, hanyar ce da nisa."

Ban sanar da ke don ki yi kuka ba. Na sanar da ke ne don ki gaya wa 'yata ubanta ya mutu.

Parmi


Surabaya, 6 ga Oktoba, 1996

Dik Parmi,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Sarpin, ya ba ki haƙuri. Wasiƙa huɗu na rubuta miki tun Agusta, duk ƙarya ce a ciki, na yaga. Wannan ita ce gaskiyar.

Kada ki ɗora wa tsohuwa. Ranar da wasiƙarki ta Yuli ta iso, Mas Darmaji ya fita ya yanko tikiti biyu, shi da Tinuk, motar washegari. Muka ce sai da safe za mu gaya mata. Da safen na shiga wanka na ga jini. Na fito na ce masa ba za ta tafi ba. Ya ce, "Ke da kike cewa camfi ne?" Na ce ya ba ni tikitin, na yaga su a gabansa. Wasiƙarki kuma na tura ta ƙarƙashin zannuwana a cikin akwati. Ranar da kika bugo waya idona biyu, ina jin muryarki daga ɗaki.

Na tambayi likita ko tafiyar yaro daga gida tana iya zubar da ciki. Ya dube ni kamar na zautu. Na san gaskiyarsa, ni ce na koya wa yara yadda jikin mutum yake aiki shekara goma sha biyar. Amma duk sanda Tinuk ta ɗora hannunta a cikina sai in ji numfashina ya dawo, in ta tafi makaranta kuwa tsoro ya rufe ni har ta dawo. Na ce wa kaina mako biyu ne kawai, Sarpin zai jira.

Mun ce mata ciwon farat ɗaya ne ya ɗauke shi. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tambaya ko za ta ɗebo mini ruwa.

An yi sadakar wata huɗu ranar Lahadi. Cikin ya fara motsi. Mas Darmaji zai kawo miki ita mako mai zuwa, da kayanta da takardar makaranta. Na sha tambayar kaina, da za a mayar da ni safiyar nan, me zan yi? Na san amsar da ta kamata. In na ji motsin nan sai in kasa faɗarta, kuma ina ƙin kaina a kan haka.

Ban nemi ki yafe mini ba. Abu ɗaya nake roƙo, don ita ba don ni ba: kada ki gaya mata ya neme ta. Ta yi ƙanƙanta da ɗaukar wannan.

Yayarki, in har yanzu kina kirana haka,
Warsini


Sumberejo, 20 ga Oktoba, 1996

Salam.

Tinuk ta iso ranar Laraba. Mijinki bai shigo ba, ni ma ban ce ya shigo ba.

Washegari na kai ta kabarin. Kin ce kada in gaya mata, ban kuwa gaya mata ba. A hanyar dawowa ita ce ta ce, "Mama, na ga takardarki a akwatin Inna, ranar da ta aike ni ɗauko zane. Na karanta sau uku."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun Baba yana da rai."

Na ce, "To me ya hana ki ce a kawo ki?"

Ta ce, "Kaka ta ce in na fita daga gidan jaririn zai faɗi. Na ɗauka Baba zai iya jira, tunda shi babba ne." Sai ta tambaye ni ko ya yi fushi da ita. Na rantse mata bai yi ba. Ban ga alamar ta yarda ba.

Shekararta bakwai, Warsini.

Allah ya sauke ki lafiya, da zuciya ɗaya na faɗa. In kin haihu ki rubuto layi ɗaya, ba don ni ba. Tun da ta iso, kullum da safe sai ta tambaye ni ko jaririn bai faɗi ba.

Parmi